Almakashi da Hannun Dama

Litinin, ƙarfe bakwai da minti goma na safe

Na riga kowa zuwa, kamar kullum. Na kunna fitilu, na gai da firiza tana ta gurnaninta, na buɗe akwatin ɗumi na duba garkena. Garkena su ne ƙwayoyin jikin da nake raino a faranti, cikin ruwa mai launin ja-ja. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina wannan kiwo a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa, ba su taɓa shiga gonar kowa ba. Da na leƙa su a madubin likita na same su sun kwanta luf, kafaɗa da kafaɗa. Alhamdulillahi.

Ranar Juma'a labari mai daɗi ya zo. Mujallar da muka aika wa aikinmu ba ta kore mu ba. Masu dubawa sun ce gwaji ɗaya ya rage, sun ba mu mako shida. Dakta, wadda nake kira Guguwa don ba ta san tafiya ba sai gudu, ta karanta wasiƙar sau huɗu a tsaye. Shekara uku ta zuba a aikin nan. Ta ce, "Baba, wannan gwajin kai za ka yi shi. Ban yarda da hannun kowa a ginin nan ba sai naka, har da nawa."

Na ce mata tun da aka kawo ki sai yau kika faɗi gaskiya.

Na sayi wannan littafin don in riƙa rubuta yadda makonnin za su tafi. Ba don komai ba.

Talata, bayan la'asar

Matata, Maman 'yan biyu, tana kan kekenta na ɗinki ta ce in gaya mata abin da ya sa nake ta murmushi ni kaɗai kamar wanda ya tsinci dami a kala. Na ja kujera na zauna.

Na ce mata bairos, ƙwayar cutar da muke aiki a kanta, ba shi da gida, ba shi da kayan aiki. Abin da yake shiga da shi cikin ƙwayar jiki wani dogon zare ne mai ɗauke da rubutu, ana ce masa RNA. Rubutun ba komai ba ne sai umarni: a buga ni, a ƙara buga ni. Ita kuwa ƙwayar jiki, baiwar Allah, sai ta ɗauka nata ne, ta hau aiki, ta buga dubbai har ta fashe. To amma a cikinta akwai furotin biyu masu gadin gida. Na farko muna ce masa Mai Riƙo. Yana bin zaren yana lalube, in ya tarar da wasu haruffa biyu suna yawan jeruwa da juna, abin da ba a cika samu a namu zaren ba, sai ya cafke. Daga nan ya kira na biyun, wanda Guguwa ta raɗa wa suna Almakashi, ya daddatsa zaren. Zaren da aka daddatsa ba ya karantuwa. Bairos ya rasa ta inda zai hayayyafa.

Ta ɗaga ƙafa daga keken ta ce, "To ai sana'ata ce wannan. Wani ya ja alli, wani ya yanka. Amma yaya ba ya yanke na gida?"

Na ce shi ne abin da masu dubawa ke son gani da idonsu: zaren baƙo a daddatse, na gida cikakke.

Ta ce, "Malam, shekara uku don ku gano almakashi yana yanka? Da kun zo kun tambaye ni, da kun huta."

Na yi dariya har shayi ya zube mini a wando. Kofin nan hannunsa ya yi ƙanƙanta, na sha faɗa.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Yau muka zuba bairos. Garke uku na ware. Na farko lafiyayyu, Almakashinsu na nan. Na biyu an cire musu shi gaba ɗaya. Na uku an cire, an mayar musu da wani wanda aka dakushe bakinsa: yana zuwa wurin in an kira shi, amma ba ya iya yanka. Wannan na ukun dabarar Guguwa ce, kuma ko maƙiyinta ya san dabara ce mai kyau.

Kwalba biyu ta bairos muke da ita a firiza. Yau mun buɗe ɗaya. Haɗa sabuwa yana cin wata biyu.

Na yi aikin a zaune, na dafa gwiwar hannu a kan tebur. Guguwa ta ce, "Baba, yau sarauta ake ji?" Na ce tsufa ne, ke ma yana nan yana jiranki a kwana.

Komai ya tafi lafiya lau.

Asabar, da hantsi

Maɓallin rigar nan ramukansa sun matse.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Kai, yau rana ce!

Mun zuba shuɗin rini a farantan ƙidaya. Inda ƙwayoyin jiki suke da rai, rinin yana kamawa. Inda bairos ya cinye su, sai ka ga farin rami. Na ɗaga faranti na farko a hasken taga: shuɗi shar, ramuka bakwai kacal. Na biyu, wanda ba Almakashi: kamar rariya. Na uku, mai dakusasshen Almakashi: rariya ita ma.

Guguwa ta yi ƙara har mai shara ta leƙo da tsintsiya a hannu tana tambayar ko wuta ce. Farfesa ta fito daga ofis, gilashinta a goshi tana neman gilashinta. Ta karɓi farantan ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ba laifi." Wanda ya san Farfesa ya san wannan guɗa ce.

Amma rami ba ya gaya maka an yanka zare. Sai an fito da zaren kansa an gani. Wannan aikin jibi ne, kuma nawa ne.

Na sayi lemo a hanya na kai gida. Maman 'yan biyu ce ta ɓare mini, ban ma roƙa ba.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na fitar da RNA daga duk garken uku.

Wanda bai sani ba zai ce bairos ne abin tsoro a ɗakinmu. A'a. Abin tsoro fatar mutum ce. A yatsan kowa, a guminsa, a yawunsa, akwai wasu masu yanka RNA, su kuma ba ruwansu da alli, baƙo da ɗan gida duk ɗaya ne a wurinsu. Shi ya sa ba a taɓa komai sai da safar hannu. Wannan shi ne karatun farko da nake koya wa duk wanda ya shigo ɗakin nan. Na kori mutane daga teburina a kan wannan.

Murfin kwalbar ruwan da ake narka samfur da shi ƙarami ne ƙwarai. Safar hannun da aka kawo mana bana santsi gare ta.

Minti ɗaya ne. Bai ma kai ba.

Guguwa tana wurin taro a lokacin. Da ta dawo ta ce yaya, na ce lafiya lau.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Mun zuba samfur a jel muka sa wuta. Jel kamar tankaɗe yake: dogon zare yana tsayawa a sama, gutsattsari suna gangarawa ƙasa. RNA na ƙwayar jiki yakan fito layi biyu masu haske, su ne shaidar cewa aikinka tsaf yake.

Ba layi ko ɗaya. Duka ukun sun zama hazo a can ƙasa. Na baƙo, na gida, komai ya daddatse.

Guguwa ta tsaya gaban allon da ke nuna hoton jel ɗin. Ban taɓa ganinta a tsaye cak haka ba.

Juma'a, ƙarfe sha biyu

Tun safe take zubar da kaya. Duk ruwan da ta haɗa da hannunta ta juye a kwatami, ta wanke tebur sau uku, ta gasa kwalabe. Tana yi tana cewa, "Ni ce. Ni na haɗa ruwan nan ranar da nake mura. Wace irin sakarya ce ni? Baba, ka yi haƙuri, na ɓata maka aiki."

Na ce ba komai, yakan faru.

Haka na ce. Yakan faru.

Kwalba ɗaya ta rage.

Lahadi, bayan azahar

Na buɗe durowa zan ɗauki rigar gobe, na ga duk rigunana na aiki an cire musu maɓallai, an sa irin wanda ake dannawa ya kama. Guda biyar. Ɗinkin kuwa ko da madubin likita ba ka ga inda aka taɓa ba.

Na ɗauko ɗaya na tsaya a ƙofar ɗakin ɗinkinta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yayi ne yanzu. Duk manyan mutane shi suke sawa."

Na ce tun yaushe?

Ta ce, "Tun yaushe ake yayin, ko tun yaushe na sani?" Sai ta tsayar da keken. "Malam, shekara talatin da ɗaya ina miƙa maka kofi. Talata ƙarfe tara za mu je. 'Yarka ta riga ta karɓo mana katin asibiti, kada ka ce za ka yi mata faɗa, ni na aike ta."

Na ce ai ina da aiki Talata. Ta ce ita ma tana da rigar mutane uku, duk za su jira.

Daga nan ta sa ni na gwada rigunan ɗaya bayan ɗaya, tana juya ni kamar gunkin shago, tana cewa tumbin nan ba ita ta ɗinka shi ba. Mun yi dariya sosai. Rigunan suna da daɗin sawa, gaskiya. Ƙas, ƙas, ƙas, ka gama.

Talata, da yamma

Mun je.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Likitan ɗan kirki ne, sa'an 'yan biyu. Ya sa na zana da'ira mai nannaɗewa kamar katantanwa, na taɓa hancina, na yi tafiya zuwa bango na dawo. Ya tambayi sana'ata. Da na gaya masa sai ya ajiye biro ya ce ashe abokin aiki ne, ya shiga tambayata labarin Almakashi, har Maman 'yan biyu ta yi gyaran murya ta ce, "Likita, wa ya zo ganin wa?"

An ɗauki jini, an ɗauki hoto. Ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi. Ya ce in dawo bayan mako uku.

Katantanwata ba ta yi kyau ba. Amma ni dama ban taɓa iya zane ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na ji su ta bango, ba laɓe na yi ba, bangon ne siriri. Farfesa tana ce wa Guguwa in ba za ta iya kula da ruwa ba, yaya za a ba ta ɗakin gwaji nata na kanta baɗi? Guguwa ba ta kare kanta ba. Ta fito idonta jawur, ta ce mini, "Baba, ina tunanin in rubuta musu in ce mun janye. In na sake ɓata kwalbar ƙarshe ba zan iya kallon idonka ba."

Idona.

Na ce ta bari sai gobe.

Alhamis, ƙarfe goma da rabi na safe

Na faɗa.

Na kira Guguwa muka shiga ofishin Farfesa tare, na rufe ƙofa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ruwan Dakta ba shi da laifi. Ni na cire safar hannu. Murfin ya ƙi riƙuwa, na cire don in ji shi a yatsa, hannun ya fizge, babban yatsana ya shiga cikin murfin. Na gani da idona. Na mayar na rufe na ci gaba." Sannan na miƙa hannun dama a gabansu na bar shi ya yi abin da yake yi. Wata biyar ina ɓoye shi a aljihu, a ƙarƙashin tebur, a bayan takarda. Yau na bar shi a fili. Abin mamaki, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Farfesa ta cire gilashi. Ta ce, "Malam, tun ranar da ka koma kawo mini shayi rabin kofi na lura. Na yi shiru ina jin nauyinka. Da na yi magana da ba a kai nan ba, don haka laifin namu ne mu biyu." Ta juya wurin Guguwa ta ce, "Abin da na faɗa miki jiya na janye shi. Ki yafe ni." Shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba.

Guguwa ba ta kalli Farfesa ba, ni take kallo. Ta ce, "Mako guda cur, Baba. Mako guda ina zagin kaina a gabanka kana cewa yakan faru."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Hannun ba komai ba ne. Shirun ne." Ta fita.

Gaskiyarta.

Juma'a, ƙarfe ɗaya

Ba ta gaishe ni ba. Na gaishe ta, ta amsa wa firiza.

Asabar, da hantsi

Na gaya wa Maman 'yan biyu duka. Ta ce da ita ce da sai ta yi wata ba ta kula ni ba, yarinyar nan tana da haƙuri. Sannan ta ce amma yau ne karon farko a wata biyar da na cinye abincina tas.

'Yan biyu sun zo da yaransu. Gidan ya cika da ihu. Ƙaramar jikata ta kama hannuna ta ce, "Kaka, hannunka rawa yake yi." Na ce ƙwarai, kiɗa yake ji wanda ku ba ku ji. Ta ce ita ma tana so, ta hau karkaɗa nata. Kafin ka ce kwabo duk yaran sun jeru suna karkaɗa hannu, iyayensu suna dariya suna share ido.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Na zo na tarar ta riga ni. Wannan bai taɓa faruwa ba. Ta ajiye kujera biyu a teburina, da sabon kwalin safar hannu.

Ta ce, "Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Amma kwana goma sha takwas suka rage, kwalba ɗaya. Ni ban iya ba, kai ba za ka iya ba. Zauna nan. Bakinka, hannuna."

Na ce na ji, ranki ya daɗe.

Ta ce, "Kada ka ranki-ya-daɗe ni." Amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Wayyo Allah, koya wa guguwa tafiyar hawainiya!

Muna gwaji da samfurin banza kafin mu taɓa na gaske. Yarinyar nan ƙwaƙwalwarta ta fi tawa sau goma, amma tana magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba, tana sosa hanci da safar hannu, tana gyara gilashi, tana ɗaukar waya. Duk sanda ta taɓa fuska sai in ce, "Canza." Yau sau goma sha ɗaya. A na tara ta ce, "Baba, wallahi da gangan kake yi." Na ce ni ne na aiko ƙaiƙayin?

Abubuwa da yawa ban san na sani ba sai da na zo faɗarsu da baki. Yadda ake karkata kwalba. Yadda ake sakin numfashi kafin a saki ɗigo. Inda ake ajiye murfi. Hannuna ne ya san su, bai taɓa gaya mini ba. Yanzu tana rubutawa a wani littafi, ta sa masa suna Karatun Baba. Ta ce shafi goma sha huɗu ya kai.

Alhamis, da rana

Mun buɗe kwalbar ƙarshe. Ita ta zuba. Ko ɗigo bai kauce ba.

Asabar

Ƙwayoyin likita suna sa ni barci da rana kamar kyanwa. Maman 'yan biyu ta ce ta daɗe tana addu'ar Allah ya kawo abin da zai zaunar da ni wuri ɗaya, ba ta san a kwalba zai zo ba.

Da sauƙi kaɗan, ina jin. Ko kuwa na daina kallonsa ne.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar fitar da RNA, na gaske.

Mun kulle ƙofa, mun manna takarda: kada a ƙwanƙwasa ko gobara ce. Ta sa takunkumi a baki don kada ta yi magana, ni na ba ta shawara. Awa huɗu ina cewa ɗauki, ajiye, jira, canza.

A ƙarshen aikin, RNA yakan kwanta a gindin kwalba, ɗan farin tabo wanda bai kai kan allura ba. Sai an tsotse ruwan da ke kansa a bar shi. A kwalba ta farko, ta lafiyayyun, wadda ita ce gaba ɗayan maganar, tabon ya saki gindi ya hau jikin kwalba. Ita ba ta gani ba, tana ta tsotsa tana matsowa. Na ce, "Tsaya!" da ƙarfin da ya sa ta daskare. Na ce ɗaga kwalbar a haske, juya hagu, ƙara. Ga shi nan, yana lilo a bakin bututun. Da ta ƙara rabin numfashi da ya tafi kwandon shara da shekara ukunta.

Ta ajiye kwalbar a ƙanƙara a hankali. Ta janye takunkumi ta ce, "Ta yaya ka gan shi daga can?"

Na ce hannu aka taɓa, ba ido ba.

Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, ni ma na kama. Sai ga shi hannunta yana karkarwa ya fi nawa. Na ce to yanzu wa zai riƙe wa wani?

Na tabbata ta huce.

Alhamis, ƙarfe biyu da kwata

Layi biyu! Layi biyu, a duka ukun, tsaf-tsaf kamar an ja da rula. RNA na gida lafiyarsa ƙalau. Gobe za mu sa alamar da ke manne wa na bairos kaɗai ta haska shi.

Na kasa cin abincin rana.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya da rabi

Zan rubuta a hankali don kada in manta komai.

Mu uku muka tsaya gaban allo, mai shara ta huɗu, don ta ce ita ma ta sha ihun aikin nan, dole ta ga ƙarshensa. Guguwa ta danna. Hoton ya fara fitowa daga sama.

Garke na biyu, wanda ba Almakashi: zaren bairos ga shi nan a sama, kauri guda, cikakke. Garke na uku, mai dakusasshe: haka, cikakke, ko gezau. Garke na farko: a sama sai ɗan inuwa da ƙyar ake gani, a ƙasansa kuwa gutsattsari, tsani-tsani har ƙasa. An yanka shi. A cikin ƙwayar da ido ba ya gani, wani abu ya gane baƙo, ya riƙe shi, wani ya zo ya daddatsa, kuma bai taɓa na gida ba. Shekara uku muna faɗa da baki. Yau ga shi a allo.

Mai shara ta ce, "Wannan ɗin ne? Ni na ɗauka wani babban abu zan gani." Farfesa ta ce, "Babba ne, Iya. Babba ne ƙwarai." Ba ta ce ba laifi ba. Ta zauna a kan kujerata, ta nemi gilashinta, yana hannunta.

Guguwa ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta ce, "Baba, ka gani?" Na ce na gani, 'yata. Ta ce, "Sake kallo." Na sake.

An bugo mini hoton. Maman 'yan biyu ta juya shi sama da ƙasa ta ce yankan ba laifi, amma da ita ce da gefen ya fi haka daidai.

Talata, bayan la'asar

Mun koma wurin likita. Abin yana da suna. Ya rubuta mini a takarda, na ninke na ba Maman 'yan biyu ta sa a jaka. Ba zan sa shi a littafin nan ba, bai yi aikin da zai shiga ba.

Ya ce ba ya warkewa, amma ba mai gaggawa ba ne, tafiyarsa a hankali take, kuma akwai abubuwa da yawa da za a yi. Na ce in a hankali ne ai mun saba, ni na koya wa mutane.

A hanyar dawowa ba mu hau mota nan da nan ba. Mun taka har gada, ta riƙe hannun, na daman, a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba ko muna yara. Na ce mutane na kallo. Ta ce su kalla, ita ta ga abinta tun kafin a haife su.

Laraba, da safe

Na je da takardar ajiye aiki a aljihu. Farfesa ta karanta ta mayar mini. Ta ce ɗalibai shida za su shigo sabon zango, ba wanda zai taɓa kwalba a ɗakin nan sai ya zauna kusa da ni wata uku. Ta ce, "Hannu ina da su da yawa, Malam. Wanda zai ce tsaya ne ba ni da shi."

Na je na duba akwatin ɗumi, na daɗe a can.

Juma'a, ƙarfe sha biyu saura

Yau aka mayar da aikin ga mujalla, daidai ranar da wa'adin ya cika.

Kafin a aika, Farfesa ta kira ni ofis. Akwai takardar da duk marubutan aiki suke sa wa hannu. Na ɗauka shaida ake so in yi. Ta juyo mini da ita. Sunan Guguwa na farko, na Farfesa na ƙarshe kamar yadda aka saba. A tsakiya, na biyu, nawa. Cikakke, har da sunan mahaifina.

Duk shekarun nan sunana a can ƙasa yake zuwa, cikin ƙananan haruffa, wurin da ake gode wa mutane. Ban taɓa jin haushi ba, wurin ya ishe ni. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni da na ɓata rabin aikin?" Guguwa ta ce, "Ka ɓata rabi, ka ceci rabi, ka raini garken shekara uku. Ni na ce a sa, kuma ba shawararka ake nema ba. Ga biro."

Na zauna. Na dafa gwiwar hannu a tebur, na saki numfashi, na sa hannu. Ya fito a karkace, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya. Harafin ƙarshe ma ya tsallake layi ya shiga gidan Farfesa.

Guguwa ta ce a hankali, "Baba, in bugo wata?"

Na ce a'a. Haka hannun yake yanzu, haka za su gan shi.

Farfesa ta ɗaga takardar ta duba ta ce, "Ya karantu." Ta sa nata a ɗan wurin da na bar mata.

Na fito bakin ƙofa na kira Maman 'yan biyu. Ina jin ƙarar keken ta cikin waya. Na gaya mata. Ta ce me? Na maimaita. Keken ya tsaya. Ta ce, "Sake faɗa, Malam. A hankali."